Amsa ga mai tambaya kan aikin jinya a gundumar Vilas ta jihar Wisconsin

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki cewa an ba ki aikin jinya a wani gidan kula da tsofaffi kusa da garin Eagle River, kina so ki san ko wurin zai zaunu da maigida da yara. Na yi shekaru ina irin wannan aiki a can kafin mu dawo Minneapolis, don haka bari in faɗa miki abin da na sani.

Abu na farko, kada hotunan intanet su yanke miki shawara. Kusan dukansu a watan Yuli aka ɗauke su, lokacin da tafkuna suka yi shuɗi, kwale-kwale ko'ina, shaguna cike da mutanen Chicago da Milwaukee. Kyan kuwa gaskiya ne, gundumar tana da tafkuna sama da 1,300, daji kuma ya rufe ko'ina. Amma mazaunanta na dindindin wajen dubu 23 ne kawai a ƙidayar 2020, kuma tsofaffi sun yi yawa a cikinsu, shi ya sa ake neman irinmu ruwa a jallo. Ki je Eagle River a watan Nuwamba ko Afrilu, za ki same ta kamar kasuwar ƙauye ranar da ba ta ci ba.

Sai kin san tarihin wurin za ki gane dalili. Katako ne ya kafa garuruwan nan. A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanoni suka shigo suna sare manyan itatuwan fain, suna tura gumagumai ta kogin Wisconsin, wanda tushensa yake tafkin Lac Vieux Desert a kan iyakar gundumar da Michigan, daga baya kuma ta jirgin ƙasa. A 1893 aka yanke Vilas daga gundumar Oneida, ana tsakiyar wannan hada-hada. Cikin 'yan shekaru aka cinye dajin, kamfanoni suka kwashe injinansu suka yi gaba, aka bar kututture da gobara. An tallata wa baƙi filayen cewa su zo su yi noma, amma ƙasar yashi ce da duwatsu, lokacin shuka kuma gajere ne. Da yawa suka kasa biyan haraji, filayensu suka koma hannun hukuma. Daga nan aka fara dashe: gandun renon itatuwa na Trout Lake a 1911, dashen Star Lake a 1913, dajin jiha na Northern Highland a 1925, sannan matasan da gwamnatin tarayya ta ɗauka aiki a shekarun 1930 suka dasa itatuwa masu ɗimbin yawa. Wato dajin da za ki gani yanzu, mafi yawansa bayan sara ya tashi, wani ma da hannu aka dasa shi. Na yi jinyar dattawan da iyayensu suka yi wannan dashe, in suna ba da labari sai ki ga ƙwalla a idonsu. Har yau ana sara, amma bisa ƙa'ida, galibi don kamfanonin takarda, kuma za ki riƙa haɗuwa da tirelolin itace a hanya da asuba.

Abin da ya maye gurbin katako shi ne baƙi, kuma nan ne maganar ta shafe ki kai tsaye. Gidaje da yawa na masu kuɗin birni ne, suna zuwa hutu su kulle su tafi, wasu kuma ana ba masu yawon buɗe ido haya ta kwanaki. Ma'aikaci mai neman hayar shekara yana shan wuya ƙwarai. Mu da muka je, a ɗakin otal muka fara zama da kaya a jaka har Allah ya haɗa mu da wata tsohuwa mai kirki da ta ba mu gida. Don Allah kada ki sa hannu a takardar aiki sai an tabbatar miki da masauki a rubuce, kuma ki tambaya ko hayar ta wata goma sha biyu ce, don akwai masu ba da gida daga Oktoba zuwa Mayu, zafi na shigowa su ce ki tashi.

Aikinki ba ya bin yanayi, tsofaffi kullum suna nan. Na maigida ne abin dubawa. In a otal ko gidan abinci zai nema, ya sani cewa aikin yana cika daga Yuni zuwa Agusta, ya sake tashi lokacin baburan dusar ƙanƙara. Eagle River tana gasar duniya ta waɗannan babura tun 1964, kuma a Sayner, cikin gundumar, Carl Eliason ya ƙera irin nasa a 1924. Amma hunturun 2023 zuwa 2024 dusar ta yi ƙaranci ƙwarai, masu otal da masu hayar babura suka ji a jikinsu, aka rage wa ma'aikata awanni. In yana da lasisin tuƙa babbar mota, ko ya iya gini, lantarki ko gyaran famfo, to shi kam ba zai zauna ba.

Sanyi kuwa ba wasa. A Janairu yakan kai digiri 25 ƙasa da sifili, tafki ya daskare har a hau shi da mota a huda ƙanƙara a kama kifi. Mota dole ce, da tayoyin hunturu, don kada ki sa rai da bas irin na birni. Ki yi hattara da barewa a hanya da magariba, musamman Oktoba da Nuwamba. A kwana tara na farautar barewa da bindiga a ƙarshen Nuwamba, duk mai shiga daji ya sa riga ruwan lemo. Lokacin zafi kuma kaska ce abin tsoro, tana sa cutar Lyme, sai ki riƙa duba jikin yara duk yamma, har cikin gashi da bayan kunne.

Maganar addini ita ta fi yi mini nauyi. Lokacin da nake can ba mu da masallaci a kusa, sallar Idi sai mun yi doguwar tafiya, naman halal kuwa daga Minneapolis ko Milwaukee muke saro shi, tafiyar awa huɗu ko fiye, mu cika firiza. Karatun yara ta waya muka riƙa yi da malami. Mutanen wurin za su kalle ki da hijabi da farko, don ba su saba ba, kuma na gamu da mai baƙar magana jefi-jefi. Amma maƙwabcin da bai taɓa ganin Musulmi ba shi ne ya riƙa share mana dusar ƙofar gida kafin in dawo daga aikin dare. Ki kuma kai yara garin Lac du Flambeau su ga mutanen Ojibwe, 'yan asalin ƙasar, waɗanda suke wurin tun kafin zuwan masu katako, suke kuma riƙe da haƙƙinsu na kamun kifi da mashi bisa yarjejeniyoyin da suka yi da gwamnatin Amurka a 1837 da 1842, duk da rikicin da aka yi da su a kai a ƙarshen shekarun 1980.

Shawarata, in hali ya yi, ki fara zuwa ke kaɗai ko da maigida a cikin hunturu, ki ga gidan da idonki, ki gwada tuƙa hanyar wurin aikin da daddare, sannan a kwaso yara bayan an rufe makaranta a Yuni. In kin tsai da magana ki yi mini saƙo ta akwati, zan gaya miki irin kayan sanyin da suka cancanci kuɗinsu. Allah ya zaɓa miki mafi alheri.