Fatawa: Sayen Kayan Intanet da Katin Waya ko ta Kamfanonin Biyan Kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina kuma taɓa sana'ar sayar da darussan da nake naɗa. Darasi ɗaya in mutum zai biya ta Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, naira 700 ne, in kuwa daga katin wayarsa za a cire, naira 1,000 nake sawa, saboda abin da ake yankewa kafin kuɗin ya iso hannuna. Wani abokina ya ce wannan riba ce, wai an canji kuɗi da kuɗi da fifiko. Sannan ni kaina wani lokaci nakan ranci kati in sayi abu da shi. Mene ne hukunci, kuma wace hanya ta fi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ya sa albarka a sana'arka. Hanyoyin biyu duk halal ne a asalinsu, kuma bambancin farashin da ka sa ba riba ba ne. Inda matsala take shi ne rancen katin, da kuma wani abu da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa maka shi, wato cire wa mutum kuɗi ba da yardarsa ba.

Kayan da kake sayarwa dukiya ce ko da ba a taɓa ta da hannu. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira suna da ƙima ta dukiya, shari'a tana kare su, kuma ana iya sayar da su. Darasinka, da manhaja, da littafin da ake saukewa a waya duk sun shiga ciki, muddin abin da ke cikinsu halal ne. Caca ko batsa kuwa, ta kowace hanya aka biya, haramcinsu yana nan. Danna maɓalli ma ya isa ƙulla ciniki, domin a mazhabarmu ta Malikiyya ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ya nuna yarda, kamar yadda Shaihu Khalil ya faɗa a Mukhtasar, ko da miƙo-in-miƙa ne ba tare da an furta komai ba.

Maganar abokinka ta taso ne daga kyakkyawar niyya, amma bai duba abin da aka musanya ba. Sharaɗin daidaito da hannu-da-hannu yana zuwa ne idan an canji naira da naira. Kai kuwa darasi ka bayar, aka ba ka farashinsa. Bayan haka, katin waya shi kansa ba naira ba ce, ko da an rubuta adadinsa da naira. Wanda ya sa katin 1,000 ya sayi damar amfani da layin kamfani ne gwargwadon wannan adadi. Shi ya sa in ya so mayar da shi tsabar kuɗi, sai an rage masa. Saboda haka da yawa daga malaman wannan zamani suka ɗauke shi a matsayin amfani da aka mallaka, wanda ake iya sayarwa da ƙari ko da ragi. Mai kaya yana da damar ya ce in ta wannan hanya za ka biya kaza ne, in ta waccan kaza ne, da sharaɗin mai saye ya zaɓi ɗaya, ya san nawa zai biya kafin ya danna. Abin da aka hana shi ne a rabu ba a tsayar da farashi ba.

Abin da su Paystack da Flutterwave ke karɓa kuwa ladan aiki ne. Sun tsaya tsakaninka da mai saye, sun karɓo kuɗi daga asusunsa sun kawo naka, sun kuma ajiye shaida. Wannan wakilci ne da lada, kamar la'adar dillali a Kantin Kwari, kuma babu laifi a yanke ladan da adadi tsayayye ko da kaso cikin ɗari, in dai an san shi tun farko. Kamfanin waya ma idan ya cire daga katin mutum ya miƙa wa mai kaya, wannan aikin yake yi, sai dai yankansa ya fi zurfi, abin da kai ma ka gani a lissafinka. Tsada kaɗai ba ta haramta ciniki. Idan kayan da dala ake sayar da shi kuma katin bankinka na naira ne, cirewar da ake yi nan take daga asusunka tana tsaye a matsayin karɓa hannu da hannu, don haka canjin ya inganta.

To, sai rancen kati, kuma a nan nake so ka nutsu. Kowa ya san yadda abin yake: ka danna *303#, ka nemi naira 100, a sa maka 85, in ka sa kati a cire 100 cif. Malamai sun yi saɓani a kan wanda ya ranta don ya yi kira. Wasu suka ce kamfani hajarsa ya sayar, wato mintunan kira, a kan bashi da ƙarin farashi, kuma sayar da kaya bashi da farashin da ya fi na hannu ya halatta a wurin jumhur, wato mafi yawan malamai. Wasu suka ce sunansa rance, kamfanin ma rance yake kiransa, kuma an mayar da fiye da abin da aka karɓa. Ni na fi natsuwa da a guje shi ko don kira ne, sai in an matsu. Amma abin da ka tambaya ya fita daga wannan saɓani. Idan ka ranci kati don ka biya wani mutum na daban kuɗin kayansa, ai ba mintuna ka saya ba. Kamfani ya biya maka 85 ne don ya karɓi 100, katin ya koma yana aikin kuɗi tsantsa, hujjar masu sassauci kuma ta faɗi. Wannan shi ne bashin da ya jawo amfani, wanda Ibn Abi Zaid ya ce a Risala bai halatta ba. Lafazin da ya yaɗu cewa duk bashin da ya jawo amfani riba ne bai inganta daga bakin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba, amma ma'anarsa malamai sun haɗu a kanta, Ibnul Munzir ma ya hakaito ijma'i. Bukhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Salam ya gaya wa Abu Burda: in kana bin mutum bashi ya kawo maka kyautar ɗaurin kara ko sha'ir ko ciyawa, kada ka karɓa, domin riba ce. In ɗaurin ciyawa ya kai a ji tsoronsa, naira goma sha biyar da aka shardanta tun farko ta fi cancanta. Ka daina, ka nemi gafarar abin da ya wuce, ka jira har ka samu kuɗin.

Mai layin da ake biya ƙarshen wata, ko da yake ba su da yawa a Najeriya, kamfani rance yake masa duk lokacin da ya sayi abu. In abin da aka biya masa shi zai mayar ba ƙari, kuma babu tarar jinkiri, ya halatta. A nan ne kuma bai dace ka ƙara masa farashi ba, don ƙarin zai faɗa aljihun mai ba da rancen. Majalisar Fiƙihu ta sa irin wannan sharaɗi a kan katin bashi na banki a zamanta na Riyad a 2000: ta yarda banki ya karɓi la'ada daga mai kaya, matuƙar farashin da ya sayar wa mai biya da katin daidai yake da na tsabar kuɗi.

Abin da ya fi damuna a biyan kuɗi ta katin waya shi ne sauƙinsa ya zama ƙofar cin dukiyar raunana. Wata dattijuwa a unguwarmu ta taɓa aiko jikanta da wayarta, ƙarama mai maɓallai, wai in duba mata, ɗanta ya turo mata katin 500 amma kullum raguwa yake ba ta kira kowa ba. Da muka buɗe saƙonni sai ga su jere da Turanci: an sabunta mata waƙar kira, an sabunta mata labarin ƙwallo. Baiwar Allah ba ta iya karanta boko ba, ba ta kuma san sunan ƙungiyar ƙwallo ko ɗaya ba. Allah yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada ku ci dukiyoyinku a tsakaninku da ɓarna, sai dai ya zama fatauci ne bisa yardar juna. Ina yarda a nan? Kuɗin da aka cire ta haka haramun ne ga duk wanda ya ci kaso a ciki, har da mai kayan, kuma wajibi ne a mayar. Haka yaron da ya ɗauki wayar mahaifiyarsa ya danna ya sayi wasa: cinikinsa ba ya lizimta sai mai dukiyar ta amince.

Saboda wannan ne na fi son hanyar banki ga wanda yake da asusu. Mai saye yana ganin adadin a rubuce, yana sa lambar sirri, alat yana shigowa, in rigima ta taso akwai shaida, ga shi kuma ta fi araha gare ku duka. Amma ban ce ka rufe hanyar kati ba, don akwai ɗalibi a ƙauye wanda bai da asusu, katin nan shi ne kawai abin da yake da shi. Ka bar ta a buɗe, ka rubuta farashin biyu ƙarara da Hausa, kada ka sa sabuntawa ta kai-tsaye sai mutum ya nema da kansa, ka kuma nuna masa yadda zai tsayar da ita. Wanda aka maƙala masa abin da bai nema ba ya danna *305# ya cire, ya tura STOP zuwa 2442 don tsayar da saƙonnin talla, in kamfani ya ƙi saurarensa ya kira 622, layin ƙorafi na Hukumar Sadarwa ta Najeriya. In ka gano an taɓa cire wa wani kuɗin darasinka ba da saninsa ba, ka nemi lambarsa ka mayar masa, ko da katin ne.

Allah ne Mafi sani.