Amsa ga mai tambaya kan shirin Hunters: ina gaskiya ta tsaya, ina aka ƙara gishiri

Ɗan'uwa, ka ce ka fara kallon Hunters, kana so ka sani ko da gaske an taɓa yin wata ƙungiya a Amurka da ke bin 'yan Nazi gida-gida tana kashewa, sannan ko shirin ya cancanci ka ƙona datarka a kansa. Na ga wasu sun ba ka amsa da "duk ƙarya ne", wasu kuma "wallahi duk gaskiya ne". Ni na kalli zango biyun duka, na farkon ma sau biyu, don haka bari in ɗan ja zaren.

Lokacin kullen korona na kalle shi, a 2020, shekarar da Amazon suka sake shi. Wani yaro mai tura finafinai a bakin layinmu ne ya cusa min shi a waya, ya ce akwai tsohon nan Al Pacino a ciki. Tun fitowar farko na ajiye kofin shayina. Babban jami'in gwamnatin Amurka yana gasa wa baƙi nama a bayan gidansa, sai wata baƙuwa ta ƙura masa ido, jikinta ya ɗauki rawa, ta gane shi ne ɗan Nazin da ya kashe danginta a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bai yi wata-wata ba ya zaro bindiga ya harbe kowa, har matarsa da 'ya'yansa. Daga nan labarin ya koma birnin New York na 1977, kan wani matashi Jonah da aka kashe kakarsa, da attajirin tsoho Meyer Offerman da ya jawo shi cikin mafarautan.

To, ƙungiyar Meyer dai ƙirƙira ce. Shirin da 'yan Nazin ke ƙullawa na kafa sabuwar daula a Amurka shi ma ƙirƙira ne, haka zancen zango na biyu na 2023, wai Hitler na raye a Kudancin Amurka. Hitler ya kashe kansa a Berlin ranar 30 ga Afrilun 1945. Amma ƙasar da aka dasa ƙaryar a kanta gaskiya ce, kuma nan ne ya kama ni har na shafe watanni ina tonon tarihin.

Da gaske Amurka ta kwaso masana kimiyyar Jamus sama da 1,600 bayan yaƙi, ƙarƙashin wani shiri da ake kira Paperclip, don kada Rasha ta riga ta. Wernher von Braun, wanda rokarsa ta kai Amurkawa duniyar wata a 1969, hafsa ne a SS, rundunar Hitler da ke riƙe da sansanonin gwale-gwale, kuma fursunoni ne suka riƙa ƙera makamansa na V-2 a cikin ramin dutse suna mutuwa. Abokin aikinsa Arthur Rudolph sai a 1984 ya bar Amurka ya ajiye takardar zama ɗan ƙasa, da bincike ya matso shi.

Wadda labarinta ya fi tsaya min a rai ita ce Hermine Braunsteiner. Mai gadi ce a sansanin gwale-gwale na Majdanek, fursunoni suna mata laƙabi da Goɗiya saboda yadda take haurin mata da takalmi mai ƙarfe. Bayan yaƙi ta auri Ba'amurke, ta tare a unguwar Queens, tana shara da girki kamar kowace matar aure, maƙwabta suna yabon kirkinta. Ka san wa ya ƙwanƙwasa mata ƙofa a 1964? Ɗan jarida, da littafin rubutu a hannu, bayan Simon Wiesenthal, shahararren mai bin diddigin 'yan Nazi, ya bi sawunta daga ofishinsa a Ostiriya. Sai 1973 aka miƙa ta ga Jamus ta Yamma, sai 1981 aka yanke mata ɗaurin rai da rai. Ka lissafa: shekara 17 daga ƙwanƙwasa ƙofa zuwa hukunci. A shirin, da minti goma sun ishe su gamawa da ita.

Bambancin ke nan da nake so ka riƙe yayin kallo. Mafarautan gaske da takarda suka yi farauta: tsofaffin hotuna, rajistar shiga jirgin ruwa, wasiƙu, shaidun da suka tsufa. Wiesenthal bai riƙe bindiga ba har ya mutu a 2005. Serge Klarsfeld da matarsa Beate sun gano Klaus Barbie, tsohon shugaban 'yan sandan cikin Nazi a birnin Lyon na Faransa, a Bolibiya yana amsa sunan Altmann, suka yi ta fafutuka fiye da shekara goma kafin a kai shi Faransa a 1983, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a Lyon a 1987. Ita ma gwamnatin Amurka sai 1979 ta buɗe ofishi na musamman a ma'aikatar shari'a don wannan aiki, kuma iyakar abin da ya iya yi shi ne ƙwace takardar ɗan ƙasa da kora.

Ko kamun Adolf Eichmann, jami'in SS da ya tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanonin kisa, kamun da ya fi kowanne kama da fim, ba jarumi ne ya fara gano shi ba. Wani makaho ne ɗan gudun hijira a Ajantina, Lothar Hermann, da 'yarsa ta yi ƙawance da ɗan Eichmann, yaron yana ta baki yana alfahari da aƙidar ubansa. Makahon ya rubuta wa mai gabatar da ƙara Fritz Bauer a Jamus. Shi kuma Bauer, da yake bai yarda da abokan aikinsa ba, don da yawansu tsofaffin 'yan Nazi ne, sai ya tsegunta wa Isra'ila a ɓoye. Ranar 11 ga Mayun 1960 jami'an Mossad, hukumar leƙen asirin Isra'ila, suka damƙe Eichmann ya sauko daga bas da dare, yana dawowa daga aiki a masana'antar Mercedes-Benz da sunan Ricardo Klement. Suna iya harbe shi a wurin su bi dare. Sai suka ɓoye shi kwanaki, suka yi masa allura, suka sa masa kayan ma'aikatan jirgi suka fitar da shi. Shari'arsa a 1961 ce ta sa duniya ta zauna ta saurari waɗanda suka tsira suna ba da labari da bakinsu. A 1962 aka rataye shi.

Ban ce ba a taɓa ɗaukar fansa da hannu ba, kada wani ya zo ya kama ni. An yi. A 1946 wata ƙungiyar Yahudawa mai suna Nakam ta shafa guba a burodin sojojin SS da ke tsare a wani sansani kusa da Nuremberg, sama da mutum 2,000 suka kwanta ciwo. A 1965 Mossad ta yaudari Herberts Cukurs, ɗan Latbiya da ake zargi da hannu a kisan Yahudawa, zuwa Uruguwai ta kashe shi, aka tsinci gawarsa a cikin akwati. Amma waɗannan 'yan ƙalilan ne. Josef Mengele, likitan sansanin kisa na Auschwitz da kowa ke nema, babu wanda ya taɓa shi. Yana iyo a teku a Birazil a 1979 ya nutse, sai 1985 aka tono ƙasusuwansa aka tabbatar shi ne.

Da na kalli zango na farko karo na biyu tare da wani abokina malamin makaranta, mun kusa yin faɗa a kan wannan. Shi yana tafi duk lokacin da suka ɗaure wani tsoho a kujera suka yi masa hukunci a falonsa. Na ce masa, Malam, idan kuma ba shi ba ne fa? Ya ce ai suna da hujja. Sai na ba shi labarin John Demjanjuk, ma'aikacin kamfanin mota a jihar Ohio. Waɗanda suka tsira daga sansanin kisa na Treblinka sun nuna shi da yatsa a kotu suna kuka, suka ce shi ne azzalumin mai gadin nan da ake kira Ivan. A 1988 aka yanke masa hukuncin kisa a Isra'ila. Da Tarayyar Sobiyat ta rushe aka buɗe kundayenta, sai takardu suka nuna wani Ivan ɗin ne daban, kotun ƙoli ta soke hukuncin a 1993. Shi ɗin ma ba wankakke ba ne, don a 2011 kotu a Munich ta same shi da laifin gadi a wani sansanin, Sobibor. Amma ka ga shaidun da suka gani da idonsu ma sun yi kuskuren fuska bayan shekara 40. Mu da muka san abin da zargi ke jawowa idan 'yan sa-kai suka tare mutum a hanya, bai kamata wannan ya zame mana abin tafi ba. Abokina ya yi shiru, can ya ce to amma dai fim ɗin da daɗi. Ban musa masa ba.

Wuri ɗaya da masu shirin suka sha suka sosai shi ne inda aka nuna sojojin Nazi suna wasan dara irin na Turawa da fursunoni a matsayin 'ya'yan dara, wanda aka ci sai a yanka shi. Gidan tarihin Auschwitz ya fito fili ya ce ba a taɓa yin haka ba, kuma ƙirƙiro irin wannan yana ba masu ƙaryata kisan ƙare dangin ƙofa. Ina tare da su. An kashe Yahudawa kusan miliyan 6, wane ƙarin gishiri ake nema kuma? Sai dai marubucin, David Weil, jikan wadda ta tsira ne, kuma akwai abu ɗaya da ya yi da ya burge ni: lambobin da aka zana a hannun fursunonin shirin duk sun haura 202,499, lamba mafi girma da aka san an ba wani a Auschwitz, don kada ya ɗauki lambar wani mamaci na gaske ya yi wasa da ita.

Game da datarka: zango na farko kashi 10 ne, na biyu 8. Na farkon ya biya kuɗinsa, musamman ƙarshensa, wanda ba zan fasa maka ƙwai ba. Na biyun ya yi sanyi, na ƙarasa shi ne kawai don na riga na fara. Kuma kada ka kunna shi a falo. Akwai jini, akwai ashar, akwai tsiraici. Ni 'yata ce ta shigo kawo min ruwan alwala daidai lokacin da bai kamata ba, na kife wayar a kan tabarma har gilashinta ya tsage.