Tambaya da Amsa: Wace risibar dijital ce za ta hau tabarauna na analog?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Ƙofar Ƙaura ne a Katsina. Ina da jirgi maras matuƙi mai farfela inci 5 wanda na haɗa da kaina, ina tuƙa shi da tabarau na Skyzone SKY04X, wato mai allo a ciki da ke nuna min abin da kyamarar jirgin ke gani, hoton analog. Ina son komawa dijital don in riƙa duba gonaki da kyau a wajajen dam ɗin Ajiwa, amma ba na son in yar da tabarau ɗin. An yi mini tayin DJI O3, wato kyamara da na'urar aika hoton dijital da ake ɗorawa a jirgi, na hannu da sauƙi. Akwai risibar da zan maƙala a tabarauna ta kama shi? In babu, wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da biyan kuɗin O3 ɗin nan. Kamfanin DJI ba ya sayar da risiba daban da za a maƙala a tabarau na wani kamfani. Tasu risibar a cikin tabarau ɗinsu take, don haka O3 sai da irin su Goggles V2, Goggles 2, Integra ko Goggles 3. In ka saye shi yanzu, ajiye shi za ka yi har ranar da ka sayi tabarau na DJI.

Abin da ke ruɗa wanda ya taso a analog shi ne, a can kowa yare ɗaya yake yi. Kowace na'urar aika hoto ta 5.8 GHz, kowace risiba za ta kama ta muddin tasha ta zo ɗaya. A dijital kuwa kowane kamfani da nasa yaren, kamar yadda dikodar DStv ba ta buɗe tashoshin StarTimes ko da an jona ta a kan tire ɗaya. Risibar da ka zaɓa ita za ta yanke maka na'urar aikawa da kyamarar da za ka ɗora a jirgin, yau da duk jirgin da za ka haɗa nan gaba. Kyamararka ta analog ma fita za ta yi, don kyamarar dijital tana haɗuwa da na'urar aikawa ne ta wata siririyar waya mai suna MIPI.

Sa'ar da ka yi ita ce SKY04X yana da ƙofar shigar hoto ta HDMI, ƙarama. Nan ne risibar waje, wadda za ka ga an rubuta mata VRX, take zuba hotonta. Tabarau da ba shi da wannan ƙofar, kamar EV800D da yawancin masu koyo ke farawa da shi, ba shi da hanyar karɓar hoton dijital yadda yake. Masu irin taka ƙofar suna da zaɓi biyu da suka zauna da gindinsu: Walksnail Avatar na kamfanin Caddx, wanda ya fito a 2022, da HDZero, wanda a da ake sayarwa da sunan Shark Byte tare da Fat Shark. Akwai na uku, OpenIPC, mai aiki da katin Wi-Fi, har wayar Android tana iya zama risibarsa. Yana da araha, amma yana son mai haƙurin zama da kwamfuta, kuma ba shi za mu ba wanda ke son ya fita gona gobe ba.

Kowa kyawun hoto yake tambaya. Mu abin da muka fi son ka duba shi ne yadda hoton kowannensu yake mutuwa, don a wannan lokacin ne ake asarar jirgi. Ka san halin analog: sigina na raguwa, yayyafi na ƙaruwa a fuskar tabarau, amma kana hango inuwar bishiya da layin ƙasa har ka juyo. Walksnail matse hoton yake yi kafin ya aika, kuma magana ce ta kai da komo, risibar tana gaya wa jirgin abin da bai iso ba a sake turo shi. Shi ya sa hotonsa yake fitowa tas, har 1080p. Amma in sigina ta yi rauni, gefen hoton ya fara dusashewa, jinkiri ya ƙaru, in ta ƙara lalacewa hoton ya daskare cak, irin yadda dish ke yi in hadari ya haɗo. Kai kana kallon hoton da ya tsaya, jirgin kuwa bai tsaya ba.

HDZero hanya ɗaya yake bi, kamar gidan rediyo: jirgi na watsawa, risiba na saurare, babu sake aikawa. Abin da ya ɓace a hanya sai ya fito a matsayin ɗige-ɗige da ƙananan murabba'ai a fuska, sauran hoton yana ci gaba da motsi, jinkirin kuma ba ya canzawa. Wannan ya fi kama da abin da idonka ya saba. Hotonsa bai kai na Walksnail laushi da cika ba, kuma ɗige-ɗigen suna fara bayyana da wuri, amma masu tsere sun riƙe shi saboda wannan tsayayyen jinkirin. Wani amfaninsa kuma, risiba nawa ma za su iya kallo lokaci guda, mai gona da nasa allon, kai da naka tabarau.

Ga lissafin jinkirin don ka auna da kanka. Jirgi mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Jinkirin milisakan 30 ke nan jirgin ya wuce inda kake ganinsa da santimita 83. Ga mai kutsawa tsakanin rassan bishiya wannan babban abu ne. Ga mai shawagi a kan gonar masara da gudun kilomita 30 a awa, santimita 25 ne kawai, ba zai ma lura ba. Ka kuma sani cewa bi ta HDMI yana ƙara ɗan jinkiri a kan abin da kamfani ya rubuta, kuma in tabarau ɗinka hoto 60 yake karɓa a daƙiƙa, kowane hoto na ɗaukar milisakan 16.7, ba za ka ci moriyar tsarin hoto 90 ko 100 a daƙiƙa da ake tallatawa ba.

Saboda haka, ga aikin da ka bayyana, Walksnail VRX muke ba ka shawara. Duba gona yana son ka bambance ganyen da ya yi ɗorawa da mai lafiya, ka ga inda ruwa ya kwanta, kuma fili ne buɗaɗɗe. Yawancin na'urorin aikawarsa suna naɗar bidiyo a cikinsu, wanda ya fi abin da ya iso tabarau tsabta. In daga baya zuciyarka ta karkata ga tsere, to HDZero. In kuwa kyawun hoto ne gaba da komai a wurinka kuma aljihu zai ɗauka, gaskiyar magana ita ce ka sayar da Skyzone ɗin ka koma DJI gaba ɗaya.

Wajen haɗawa, fuskar SKY04X 1280×960 ce, ita kuma 720p faɗinta 1280 ne daidai, don haka ka saita risibar a 720p60, wato 720p mai hoto 60 a daƙiƙa. Za ka ga baƙin layi sama da ƙasa, ba matsala ba ce. Tura mata 1080p ba zai ƙara maka komai ba, matse shi za ta yi. In ka jona ka ga duhu, ka fara duba ko ka zaɓi shigar HDMI a tsarin tabarau ɗin, sannan ka gwada risibar a talabijin ɗin gida. In hoto ya fito a can, tsarin da take fitarwa ne tabarau ɗin bai karɓa ba, ko kuma gajeriyar wayar HDMI ɗin ce ta karye ta ciki, abin da take yawan yi in ana lanƙwasa ta a jaka.

Wuta kuma a yi hattara. Batir ɗaya ake raba wa tabarau da risiba da waya mai reshe biyu, don haka dole ƙarfinsa ya dace da su biyun. Kowane ɗaki na batirin LiPo bolt 4.2 ne in ya cika: 2S, wato mai ɗaki biyu, ya zama 8.4, 4S 16.8, 6S 25.2. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin kowace na'ura ka bi mafi ƙanƙanta, don wasu tsofaffin tabarau ba sa jure fiye da 2S ko 3S. Risibar dijital tana shan wuta sosai, ƙaramin batirin da ke kai ka yini a analog ba zai kai ba.

A ɓangaren jirgi, na'urar aikawa tana son UART guda, wato mahaɗar wayoyin saƙo biyu, TX ta aikawa da RX ta karɓa, a ƙwaƙwalwar jirgin, TX zuwa RX, RX zuwa TX. In rubutun bolt da lokaci bai fito a fuska ba, sau da yawa waɗannan wayoyi biyun ne aka jona kai tsaye ba a gicciye ba, ko ba a kunna MSP DisplayPort, saitin da ke tura rubutun zuwa fuskar tabarau, ba. Daga Betaflight 4.4 zuwa sama, wato manhajar ƙwaƙwalwar jirgin, wannan saitin ya yi sauƙi. Ka tabbata akwai kafasita, ɗan abin da ke tace hargitsin wuta, kamar 35V 470 zuwa 1000µF, a inda wayar batir ta shiga. Walksnail sai an ɗaura risiba da jirgi ta danna maɓallin haɗi a kowannensu, kuma in manhajar cikinsu ba lamba ɗaya ba ce, suna iya ƙin ganin juna. HDZero ba ya buƙatar ɗauri, tasha kawai za ka daidaita, daga R1 mai 5658 MHz zuwa R8 mai 5917.

Eriya ita ce inda aka fi yin ɓarna. Siginar tana tafiya ne a murɗe, ko dama, RHCP, ko hagu, LHCP. Kayan analog yawanci na dama ne, na Walksnail kuwa na hagu. In ka kwance tsoffin eriyoyinka ka ɗaura a sabuwar risibar, a kusa hoto zai fito lafiya ka ɗauka komai daidai, amma ka zubar da kusan 20 dB, wato abin da ke isowa ya koma kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Sai kuma bakin ɗaurin eriya, wanda iri biyu ne: SMA da RP-SMA suna shiga juna a zare, amma in rami ya haɗu da rami babu abin da ya taɓa wani a tsakiya. Ka leƙa ka ga allura a ɓangare ɗaya, rami a ɗayan. Kuma tunda risibar Walksnail ita ma aikawa take yi, kada ka taɓa kunna ta babu eriya, tana iya ƙonewa.

Kada ka dogara da ƙara wuta don samun nisa. Ninka nisa sau biyu yana son ninka wuta sau huɗu: daga 25mW zuwa 100mW, daga 200 zuwa 800. Eriya mai fuskantar gaba, irin mai faɗin nan da ake kira patch, ta fi arha, sai dai dole ka riƙa juya kanka wajen jirgin. Tsawon zangon siginar 5.8 GHz bai wuce santimita 5 da 'yan kai ba, ganye mai ruwa yana shanye ta. Layin bishiyoyin bedi ko mangwaro a bakin fadama, katangar ƙasa mai kauri, har jikinka in ka juya baya, duk suna tare ta. Ka tsaya a tudu, ka ba bishiyoyi baya. In hoto ya fara lalacewa, ka ɗaga jirgin sama ka juyo, kada ka sauke shi ƙasa. Layin rimot daban yake da na hoto, jirgin yana jin ka ko da ba ka gani, shi ya sa sa GPS da saita komowa gida ya cancanci kuɗinsa.

Zafin Katsina ma abin lissafi ne. A watan Afrilu da Mayu ana haura digiri 40, na'urar aikawa kuma iskar tafiya ce ke sanyaya ta. Jirgi a ajiye a rana da batir a jone, cikin 'yan mintuna zai rage ƙarfi ko ya ɗauke hoto. Ka kunna saitin da ke riƙe wuta a ƙasa har sai an tayar da farfela, in kana gyara a tebur ka sa ƙaramar fanka. Lokacin hunturu fankar risibar tana zuƙar ƙura, ka riƙa share ramukanta da burushi mai laushi.

Batun izini ba na wasa ba ne a jihar da ke fama da matsalar tsaro. Hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ce ke kula da tashin irin waɗannan jirage, kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro yana da hannu a ba da izini. Ka nisanci filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da barikoki, kada ka haura mita 120, kuma ka sanar da mai unguwa da jami'an tsaron yankin kafin ka tashi.

Kafin tashin farko, ka cire farfela, ka sa wuta a 25mW, ka ɗora jirgin a kan wani abu mai tsayi da fanka a gefensa, sannan ka yi tafiya da tabarau a fili. In hoto ya fara karyewa tun ba ka yi mita 100 ba alhali babu abin da ya shiga tsakani, ka koma ka duba murɗin eriya da bakin ɗaurinta.