Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan maganin itatuwa da sankarar bakin mahaifa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce an gano tana da sankarar bakin mahaifa, kuma an ba ku shawarar ku bar asibiti ku koma kan kurkum da zogale tunda an ce suna kashe cutar. Na yi jinyar yayata da irin wannan ciwon a nan Agege, shi ya sa na kasa yin shiru.

Wata bakwai muka yi muna jiƙe-jiƙe. Kullum da asuba ni ke tace mata sassaƙe a kofin silba, tana sha tana yamutsa fuska, amma jinin bai tsaya ba. Zani uku nake wankewa a rana. Da muka je LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, ciwon ya riga ya yi nisa.

A can ne na ji abin da ya ba ni mamaki. Ruwan kemo, wato maganin sankara da ake ɗaura mata, paclitaxel, asalinsa daga ɓawon wata bishiya ta Amurka aka gano shi, kuma sai a 1992 aka amince da shi bayan shekaru ana gwaji. Akwai wani ma, topotecan, tushensa wata bishiya ce ta ƙasar Sin. To kin ga maganin itatuwa gaskiya ne, amma sai an tsamo sinadarin, an auna shi daidai da jikin mara lafiya, ana duba jininta kafin kowane zagaye. Gashin yayata ya zube, yatsunta suka riƙa yin sanyi kamar ba nata ba, duk da awon da ake yi. Ina ga wanda aka zuba a gora ba awo?

Shi kuwa sinadarin kurkum, an ga yana illata ƙwayoyin sankara a ɗakin bincike, amma ba a tabbatar yana warkar da mace mai ciwon ba. Hanji ma ba ya tsotse shi sosai. Ki sa wa Mama a miya in tana so, sai dai duk abin da take sha ki faɗa wa likita, don wani ganyen yana karo da kemo.

Don Allah kada ku fasa ranar da aka ba ku, ko gashin ciwon da na'ura aka ce ko tiyata. Ke ma ki je a duba ki. In kina da 'ya'ya mata 'yan shekara 9 zuwa 14, tun Oktoban 2023 ake yi musu rigakafin HPV kyauta, ƙwayar da ke haddasa ciwon. Nawa biyun duk na kai su. In ba ki san hanyar asibitin ba, ki yi mini magana in raka ku.