Magina biyu, lissafi biyu: buhu nawa sito zai ci a Mambila?

Wani ɗan kasuwar hatsi ya aiko da tambaya daga Nguroje, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba. Ya ce: "Assalamu alaikum. Ina sayen masara da wake da kaka in ajiye, kuma na gaji da biyan hayar sito. Ina so in gina nawa, tsawo ƙafa 40, faɗi ƙafa 25, ɗaki ɗaya da rufin kwano. Magini ɗaya ya ce buhu 80 na siminti ya isa. Ɗayan ya ce sai 140, wai don sanyin garinmu yana cin siminti. Wa zan gaskata, kuma nawa zan ware?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a niyya. Kafin ka zargi ɗaya daga cikinsu, ɗauko biro da takarda mu auna ginin tare, domin ina kyautata zaton ba aiki ɗaya suka yi maka lissafinsa ba.

Kankare da kubik mita ake auna shi: tsawo sau faɗi sau kauri. Ƙafa 40 da ƙafa 25 kusan mita 12 ne da mita 7 da rabi, wato fili mai murabba'in mita 90. Daɓen ƙasa, wanda magina ke kira jaman-fulo, a siton da za a jibge buhunan hatsi bai kamata ya gaza inci 4 ba, wato santimita 10. Idan ka buga 90 sau 0.1, ka samu kubik mita 9. To buhu nawa ke shiga kubik ɗaya? Wannan ya danganta da haɗin da aka yi. Haɗin da ya dace da daɓe mai ɗaukar nauyi shi ne 1:2:4, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A bakin aiki, buhu ɗaya mai kilo 50 yana cika kwanon leburori biyu, don haka buhu guda zai tafi da kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa, ko ka ce baro ɗaya na yashi da baro biyu na tsakuwa, a shafe, ba a tsirge ba. Da wannan haɗin, kubik ɗaya yana cin buhu 6 da ɗan ɗoriya, a ce 6.3. Daɓenka kaɗai buhu 57 ke nan.

Sai harsashi. Kewayen ginin mita 39 ne. Idan aka zuba kankare mai faɗin santimita 60 da kaurin 20 a ramin, za a samu kubik 4.7. A nan haɗin 1:3:6 ya wadatar, shi kuma yana cin buhu 4.4 a kubik, wato buhu 21. Ka tara 57 da 21, ka ga 78. Ga buhu 80 ɗin maginin farko nan. Mai yiwuwa harsashi da daɓe kawai ya lissafa maka, ya bar sauran sai an zo wurin. Wannan ɗabi'a ce da ta yi yawa, a faɗa wa mai gini ƙaramin adadi don kada ya tsorata ya fasa, in ya riga ya shiga sai a riƙa cewa a ƙaro. Ɗan kasuwa ne ya fi kowa cutuwa da ita, saboda ƙarin daga uwar kuɗi yake fita.

Mu ci gaba. Ginshiƙi mai inci 9 kowane ɓangare da tsayin mita 3 yana cin kusan buhu ɗaya. Bango mai tsawon ƙafa 40 da hatsi zai jingina da shi yana son ginshiƙai, a ce guda 10, buhu 10. Linta da za ta ɗaure ginin kewaye kusan kubik 2 ce, buhu 13. Kankare duka ya kama buhu 101. Ka ƙara kashi 10 cikin 100 na zuba da ɓarna, ya zama 111. Bulo mai inci 9 guda 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya, kuma da na cikin ƙasa za ka buƙaci wajen 1,300. Buhu ɗaya yana jera kusan 50, wato buhu 26. Jimla 137. Ka ga ashe maginin da ya ce 140 ya fi kusa da gaskiya. Filasta ciki da waje ba ta cikin wannan, za ta ci wasu 20 zuwa 25. Idan kuma a wurin za ka buga bulonka, kada buhu ya wuce bulo 30, ka ƙara kamar buhu 45.

Adadin magini na biyu daidai ne, amma dalilin da ya ba ka ba daidai ba ne, kuma ina so ka fahimci wannan sosai domin a nan kuɗinka zai tsira ko ya zube. Sanyi ba ya cin siminti. Kubik mita ɗaya a Nguroje da kubik mita ɗaya a Jalingo buhunan da suke ci ɗaya ne. Abin da sanyi ke ci shi ne kwanaki.

Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, kamar yadda tubalin laka ke yi a rana. Siminti ne ke haɗuwa da ruwa su riƙa ƙullewa a hankali, kuma wannan haɗuwar tana son ɗumi. Kwaɓin da zai kama cikin sa'o'i shida a wuri mai ɗumin digiri 21, idan awon ya sauko zuwa digiri 10 sai ya ɗauki kusan ninki biyu. Ƙasa da digiri 5 kuwa aikin kusan tsayawa yake. Mambila tana kan tudun da ya kai mita 1,500 zuwa sama, kuma kai ka fi ni sanin yadda daren Disamba da Janairu yake a can. Magini da ya saba aiki a ƙasa zai zo washegari ya danna yatsa ya ji daɓe bai kama ba, sai ya ce simintin ne ya yi kaɗan, ko kuma jabu ne. Daga nan wannan magana ta "sanyi na cin siminti" ta samo asali. A ƙasashen da ƙasa ke daskarewa, irin su Kanada da Rasha, lamarin ya fi haka tsanani: dole su haƙa harsashi ya wuce zurfin da ƙanƙara ke kaiwa, wani wurin fiye da mita guda, su dumama ruwan kwaɓi, su lulluɓe aikin da barguna na musamman. Kai Allah ya hutar da kai wannan kashe kuɗin. Naka maganin mai sauƙi ne, amma sai ka sa shi a lissafi tun farko.

A fara zuba bayan rana ta ɗaga, wajen ƙarfe tara ko goma, a gama kafin la'asar, don kankaren ya samu ɗumin yini kafin dare. Wannan yana nufin daɓen kubik 9 da ake kwaɓawa da hannu ba zai ƙare a yini ɗaya ba, sai dai in ka ninka leburori ko ka yi hayar injin kwaɓi. Gara a raba shi gida biyu ko uku da katako, a zuba kowane gida daban. Da zarar saman ya kama, a lulluɓe da leda, a ɗora busasshiyar ciyawa ko tsofaffin buhuna. Lulluɓin nan aiki biyu yake yi, yana riƙe ɗumin da kankaren ke fitarwa da kansa, yana kuma hana iskar hunturu zuƙe ruwan saman, wadda ita ce ke jawo tsagewar nan kamar ƙasar fadama da rani. Ban ruwa ya zama da hantsi, ba da asuba ko da magariba ba, kuma kwana bakwai da aka saba ka mai da shi goma zuwa sha huɗu. Katakon gefen ginshiƙi da akan cire bayan kwana ɗaya ko biyu, a bar shi uku ko huɗu. Tokaran da ke ƙarƙashin linta a bakin ƙofa su yi mako uku. Hatsi kuwa kada ya hau daɓen sai ya haura kwana 28, ni da zan so ka ƙara mako guda a kai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne: mai ban ruwa, mai gadi, ƙarin katako tunda ba za a cire a maimaita da wuri ba, da hayar tsohon sito ta ƙarin wata ɗaya. Saboda haka ka ba da aikin jinga, kashi-kashi, kada ka biya kuɗin yini, don idan kana biyan yini to kai ne za ka biya jiran.

Abu biyu kada ka yarda a yi maka. Kada a ƙara ruwa don kwaɓi ya yi sauƙin zubawa. Buhu ɗaya jarka ɗaya ce mai lita 25, in yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. Kada kuma a zuba gishiri wai don ya kama da wuri, gishiri yana cinye rodi daga ciki. In kana son kamawa da sauri, duba jikin buhu. Za ka ga lambar ƙarfin simintin, 32.5 ko 42.5, wani da harafin R a gaba. Mai 42.5R ya fi saurin yin ƙarfi a kwanakin farko, shi ya fi dacewa da ginshiƙi da linta da daɓe a garin sanyi. Mai 32.5 ya isa jera bulo da filasta.

Yanzu maganar da ta fi siminti nauyi, wadda ba ka tambaya ba. Ginin nan zai ci yashi kamar kubik 8 da rabi a kankare kaɗai, da tsakuwa kamar kubik 17. Simintinka duka tan 7 ne. Tsakuwar ta haura tan 25. Ma'aikatun siminti mafi kusa da kai su ne Ashaka a jihar Gombe da Gboko a jihar Binuwai, kowacce ɗaruruwan kilomita, kuma duk abin da ya biyo ta Bali da Serti sai ya hau dutsen nan daga Mayo Selbe zuwa Maisamari kafin ya iso gare ka. Don haka farashin da za ka rubuta a takarda ba na shagon Jalingo ba ne, na buhun da aka sauke a filinka ne, da dako da lodi da saukewa. Duk ₦1,000 da ta ƙaru a kan buhu, ₦140,000 ce a kan aikinka. Tsakuwa kuwa ka fara neman ta kusa, wurin masu fasa dutse da hannu, ko da ta fi tsada a kwano, domin dakonta daga nesa zai iya fin kuɗinta. Ka dai tabbatar an tankaɗe ƙura da jar ƙasa, girmanta kuma kada ya wuce inci ɗaya. Kada ka sayi yashi ko tsakuwa da sunan "tifa", kowace tifa da girmanta. Hau da tef ka auna cikin bodin, tsawo da faɗi da zurfin kayan, ka san kubik nawa kake biya. Idan filinka yana inda babbar mota ba ta shiga, sai an sauke an sake ɗauka da tsofaffin Land Rover ɗin nan na Mambila, to wannan dako na biyu ne, ka rubuta shi a layinsa.

Yashin rafi a gwada shi kafin a biya. Zuba shi rabin kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye ya kwana. Laka za ta kwanta a saman yashin. In kaurinta ya kusa kashi ɗaya cikin goma na yashin, a wanke ko a canza wuri. Sannan yashi mai danshi kumbura yake yi, har kashi 20 zuwa 30 cikin 100, don haka kwanon jiƙaƙƙen yashi bai kai kwanon busasshe ba.

Wurin da buhuna ke ɓacewa ba tare da kowa ya sata ba shi ne cikon ƙasa. Idan ba a daddale cikon ya yi daidai ba, kankare ne zai cike ramukan. Santimita ɗaya kacal da ta ƙaru a kan murabba'in mita 90, kusan buhu 6 ce. Ranar da za a daidaita ciko ka bar kasuwa ka tsaya da kanka, a ja igiya, a auna zurfi a wurare da yawa. Kuma tunda hatsi za ka ajiye a ƙasa mai yawan ruwa, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin daɓen kafin a zuba, bakin kowace ya hau kan 'yar'uwarta. Kuɗinta kaɗan ne, amma ita ce za ta hana danshi tasowa ya ruɓar maka da layin buhunan ƙasa.

Game da lokaci, damina a Mambila doguwa ce, takan fara tun Maris ko Afrilu ta kai Oktoba ko Nuwamba. Tagar aikinka Disamba zuwa Fabrairu ce, lokacin da hanya ta bushe, kuma shi ne lokacin da dare ya fi sanyi, shi ne kuma lokacin da jarinka ke cikin hatsi. Shawarata kada ka taɓa kuɗin sayen kaya don gini. Ka yi harsashi da bulo zuwa linta da ribar bara, ka yi rufi, sannan ka zuba daɓe a ƙarƙashin rufin, inda raɓa da iska ba za su same shi ba. Siminti ka saye shi kashi biyu ko da dakon zai ɗan fi tsada, domin hazo da danshin tsaunin suna daskarar da shi a buhu. A ɗora shi kan katako, nesa da bango, kada jeri ya wuce buhu 10, a rufe da leda, kuma kada ya wuce wata biyu a ajiye. Farashinsa ma ba ya zama wuri ɗaya. Ka tuna farkon 2024 da buhu ya haura ₦10,000 cikin 'yan makonni har gwamnati ta kira masu ma'aikatu zama. Don haka a kan jimlar da ka samu, ka ware kashi 15 cikin 100 na ko-ta-kwana, ka ajiye shi daban.

Ka koma wurin maginan nan biyu da takarda mai layi bakwai: harsashi, bulo, ginshiƙai, linta, daɓe, filasta, rodi. Kowa ya rubuta buhu nawa a kowane layi, rodi kuma guda nawa, da haɗin da zai yi, da kwanakin da zai bar katako. Ka tambaye su yaushe za su fara zuba da safe da abin da za su lulluɓe da shi da dare. Wanda ya taɓa zuba kankare a kan tsaunin zai ba ka amsa nan take. Idan ka karɓi takardun, aiko mini da su tare da farashin buhu da na kubik ɗin tsakuwa a sauke a Nguroje, in sha Allahu sai mu fitar da jimlar kuɗin.