Tambaya da Amsa: Mene Ne Makomar Bashi da Kwangila Idan Kamfani Ya Sauya Suna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne muka haɗa jari muka yi wa kamfaninmu rajista shekara bakwai da suka wuce, da sunan da ya dace da sana'ar ɗinki da muka fara da ita. Yanzu harkar ta faɗaɗa zuwa safarar yadi, sunan kuma ya yi mata kaɗan. Ɗaya daga cikinmu ya ce dole mu rufe kamfanin mu buɗe sabo, wani kuma ya ce da zarar mun sauya suna, bashin da banki ke binmu da kwangilar da muka sa wa hannu duk sun faɗi. Ina gaskiyar take, kuma ta ina za mu fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Dukkan abokan naka biyu sun yi kuskure, amma na biyun ne ya fi ba ni tsoro, domin irin wannan zaton ne ke kai mutane gaban alƙali.

A idon doka, kamfanin da aka yi wa rajista mutum ne mai zaman kansa, dabam da masu shi, kuma lambar rajistarsa ce ke tabbatar da ko shi wane ne. Wannan lamba ba ta sauyawa don an sauya suna. Saboda haka bashin da ake bin kamfanin yana nan, wanda yake bin wasu yana nan, kwangilarsa tana nan, ƙarar da ya shigar ko aka shigar da shi kuma za ta ci gaba da sabon sunan. Dokar Kamfanoni ta Najeriya ta 2020 da Dokar Kamfanoni ta Birtaniya ta 2006 duk sun faɗi haka ɓaro-ɓaro. A watan Oktoba na 2021 kamfanin Facebook ya koma Meta Platforms, ba tare da ya rufe ƙofa ko ya sake ƙulla yarjejeniya da ma'aikatansa ba. Rufe kamfani a buɗe sabo kuwa asara ce, domin tarihin shekara bakwai da kuka gina a wurin banki da abokan ciniki zai tafi tare da tsohon.

Matakin farko shi ne daraktoci su zauna su amince da sabon sunan, sannan a bincika a rumbun hukumar rajistar kamfanoni ko wani ya riga ku. A Najeriya hukumar ita ce CAC, kuma idan ta amince da suna takan ajiye muku shi na kwana 60. Hukumar na iya ƙin sunan da ya yi kama da na wani kamfani har zai rikita jama'a, ko wanda ke nuna alaƙa da gwamnati alhali babu ita. Ina ba ku shawara ku duba rajistar alamomin kasuwanci ma, domin rajista ce dabam, kuma amincewar hukumar kamfanoni ba ta hana mai alamar da ya riga ku ya maka ku a kotu.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi muhimmanci, kuma a nan nake so ka natsu. A Najeriya, sunan kamfani ba ya sauyawa da umarnin shugaba ko na daraktoci kaɗai, sai da ƙuduri na musamman na masu hannun jari, wato amincewar aƙalla kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa. A dokar Najeriya ana ba da sanarwar taron kwana 21 kafin ranar, a rubuce, tare da bayyana cewa ƙuduri na musamman za a gabatar. Idan ku huɗun hannun jarinku daidai yake, uku sun isa ko da na huɗun ya ƙi. Amma idan ɗayanku yana riƙe da kashi 30 kuma aka ƙidaya ƙuri'a bisa yawan jari, shi kaɗai zai iya tsayar da maganar. Don haka ku buɗe littafin masu hannun jari ku ga abin da kowa ke riƙe da shi, ku kuma sasanta tun kafin ranar taro. Na fi son a shawo kan mai adawa da hujja a kan a kayar da shi da ƙuri'a, domin gobe ma tare za ku ci gaba da kasuwanci.

Bayan taro sai a miƙa wa hukuma kwafin ƙudurin cikin kwana 15, tare da kundin dokokin kamfanin mai ɗauke da sabon sunan, a biya kuɗin da aka ƙayyade. Kamfanin da ke da rahoton shekara-shekara da bai miƙa ba yakan gamu da jinkiri a nan, saboda haka ku fara cike wannan giɓin. Kada ku buga sabon allo ko sabon rasit sai hukuma ta ba ku sabuwar takardar shaidar rajista, domin ranar da aka ba da ita ce ranar da sunan ya fara aiki.

Da takardar ta zo hannu, ku kai kwafinta banki da hukumar haraji da duk hukumar da ta ba ku lasisi, ku sake hatimi da takardun wasiƙa, ku rubuta wa wanda kuka yi kwangila da shi kuna sanar da shi. Dokar Indiya ta 2013 ta wajabta wa kamfani ya riƙa rubuta tsohon sunansa kusa da sabon har tsawon shekara biyu, kuma ko inda doka ba ta tilasta ba, ina ganin ku yi hakan a kan rasit da wasiƙunku. Ku kuma tambayi bankinku tun da wuri yadda zai yi da cakin da wani abokin ciniki zai rubuto da tsohon sunan a makonnin farko.