Fatawa: Shekarar da karatu ya tsaya, da kuɗin rajistar da ke hannu

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne ɗan aji uku a wata jami'a, iyayena kuma suna zaune a Agege, a Legas. Ana gab da rajista na yi hatsarin babur, na karye a ƙafa, na yi wata uku a kwance, sai aka ɗage mini karatu zuwa baɗi. Yanzu na warke. Kafin hatsarin kawuna ya riga ya turo mini kuɗin rajista, suna nan a asusuna, ina so in juya su a sana'ar POS kafin a koma. Mahaifina kuwa yana so in riƙa bin sa kasuwar Mile 12 inda yake sayar da tumatir. Abokaina sun wuce ni, abin yana ci mini rai. Me shari'a ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi.

Ɗana, ɓacin ran da kake ji ba laifi ba ne matuƙar bai kai ka ga fushi da hukuncin Allah ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya umarci mumini ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya gaza, kuma in wani abu ya same shi kada ya ce da na yi kaza da kaza ya faru, domin "da na" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Ba kai ne farau ba: a 2022 yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ya zaunar da ɗalibai a gida wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, alhali ƙafafunsu lafiya lau.

Maganar kuɗin ita ce mai nauyi. Kawunka bai ba ka su kyauta sake ba, ya ba ka ne don abu guda da ya ambata, saboda haka amana ce a hannunka har ranar rajista, kuma Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 58, a mayar da amanoni ga masu su. A mazhabar Malikiyya, Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa yin kasuwanci da kuɗin ajiya makaruhi ne, ribar kuma ta mai juyawar ce idan tsabar kuɗi ne. To amma kada wannan ya ruɗe ka, domin malaman mazhaba sun bayyana cewa karhancin yana kan mai wadatar da zai iya biya in dukiyar ta salwanta, wanda kuwa ba shi da abin biya haramun ne a kansa ya taɓa ta ba da izini ba. Kai ɗalibi ne da bai daɗe da ajiye sanda ba. In aka turo maka sanarwar shigar kuɗi ta bogi, ko ɓarawo ya fizge jakar a cunkoson Oshodi, da me za ka cike gurbin? Don haka bai halatta ka juya su ba sai da izininsa bayyananne.

Na san za ka ce darajar naira ta zube sosai a 2023 da 2024, kuɗin da ya isa rajista bana ba lallai ya isa baɗi ba. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai kawunka za ka kai wa ita, ba zuciyarka ba. Ka kira shi, ka gaya masa halin da ake ciki. In ya ce ka juya, ku fayyace tun farko: bashi ne a wuyanka, ko jari ne ribar ku raba? In ya ce ka mayar masa, ka mayar ba tare da ƙunci ba. Ita kanta sana'ar POS, ladan da ake karɓa a kan hidimar cire kuɗi da turawa ina ganin halaccinsa, muddin bai koma ba da bashi da ƙari ba.

Game da mahaifinka, yi masa biyayya a abin da ba saɓo ba wajibi ne, balle kuma bai ce ka bar karatu ba, karatun ne ya tsaya da kansa. Ka bi shi. Wanda ya taɓa tsayawa a Mile 12 da sassafe, lokacin da ake sauke kwandunan tumatir daga manyan motocin da suka kwana biyu a hanya daga Arewa, ana ciniki da Hausa da Yarbanci da Turancin buroka a numfashi guda, ya san akwai lissafin da ba a koyarwa a aji. Akwai kuma jarrabawa a wurin. Za ka ga wanda ke jera jajaye masu ƙwari a saman kwando, ruɓaɓɓun kuma a ƙasa, wanda shi ne ainihin abin da Annabi (SAW) ya tarar lokacin da ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci ya ji danshi, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Tirmizi kuma ya kawo maganar Sayyidina Umar cewa kada wanda bai fahimci addini ba ya yi ciniki a kasuwarmu. Ke nan shigarka kasuwa ta wajabta maka sanin hukuncin saye da sayarwa.

Shawarata ita ce ka zauna da mahaifinka cikin ladabi ku yanka lokaci: safiya tasa, bayan la'asar taka. Ka samu malamin zaure a nan Agege ka ɗauki babin ciniki na Risala, in kuma tsarki da sallarka ba su zauna ba, ka fara da Ahalari, kada girman ɗan jami'a ya hana ka. Littattafan aji uku ma kada ka bari su yi ƙura, ka karɓi takardun darasi wurin abokan da suka wuce ka, wucewar tasu ta zama riba gare ka.

Abu na ƙarshe, kada ka dogara da cewa wani ya ce maka an ɗage. Ka tabbata takardar ɗage karatun tana hannunka da sa hannun hukumar jami'a, ka haɗa ta da takardun asibiti ka adana, domin Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Wallahu a'alam.